Gadin injin niƙa: yadda Debian ta koyi sa ido a kan kwamfutocin da ke gina ta

A Shanono, kamar sauran garuruwan karkarar arewacin Kano, uwargida kan auni dawa ko masara, ta surfa, ta bakace, ta wanke, ta shanya, sannan ta ɗora wa yaro kwano ya kai injin niƙa. Hatsin da ya bar gidan ta san shi sarai, domin da hannunta ta tsince tsakuwarsa. Garin da zai dawo kuwa sai dai ta karɓa bisa amana. Idan wanda aka yi wa niƙa kafin ita barkono ya kawo, mai inji kuma bai share ba, sai an tuƙa tuwo za a ji a baki. Idan an rage mata, ko an musanya da na wata, ba ta da hanyar mayar da gari ya koma ƙwaya balle ta ƙirga.

Duk wata manhajar kwamfuta ko ta waya tana bi ta irin wannan inji. Mai tsara manhaja yana rubuta ta ne da wani harshe da ɗan Adam zai iya karantawa, ya fahimta, ya gano kuskure. Wannan shi ne rubutun asali. Kwamfuta ba ta cin rubutun yadda yake, sai wata manhaja, wadda za a iya kira tafinta, ta juya shi zuwa jerin sifili da ɗaya da ƙwaƙwalwar na'ura ke ganewa. Aikin juyawar nan shi masana ke kira gini. Abin da ya fito daga gini shi ke sauka a na'urorin mutane, kuma da wuya a sami mai iya duban sa ya ce daga wane rubutu ya fito.

Kamfanoni irin su Microsoft da Apple suna ɓoye mafi yawan hatsinsu da injinsu baki ɗaya. Masu buɗaɗɗiyar manhaja suka zo da wani alkawari dabam: ga rubutun asali a fili, kowa ya karanta, ya gyara, ya raba wa wanda ya so. Sai dai alkawarin yana da giɓi, domin 'yan ƙalilan ne ke ɗaukar rubutun su gina da kansu. Sauran duniya gari take saukewa. Ke nan amanar ta koma wuyan wasu kwamfutoci da ke aiki dare da rana a ɗakunan jami'o'i da na kamfanoni, da kuma wasu 'yan mutane da ke duba lafiyarsu. Ɗalibin da ya buɗe Wikipedia ta Hausa a wayarsa a Shanono yana cin wannan gari, domin kwamfutocin da ke riƙe da Wikipedia da babbar manhajar Debian suke aiki. Ubuntu ma daga Debian aka cire ta. Yadda Debian ta koyi sa ido a kan injinanta tarihi ne na fiye da shekara 25, kuma kusan kowane darasi a cikinsa sai da aka sha wuya aka koye shi.

Ian Murdock yana ɗalibi a Jami'ar Purdue da ke jihar Indiana ta Amurka lokacin da ya sanar da kafa Debian, ranar 16 ga Agusta, 1993, shekara biyu bayan Linus Torvalds ya fito da Linux a Helsinki. Tsarin da aka bi shi ne a kasa babbar manhajar zuwa ƙananan ƙunshi, kowane ƙunshi da mai kula da shi, wanda aikin sa-kai yake yi ba don albashi ba. A shekarun farko kowa a kwamfutarsa ta gida yake gina ƙunshinsa, ya turo rumbun ƙungiya. Wato kowa ya niƙa a gidansa ya kawo gari kasuwa. Tun da duk kwamfutocin masu ƙwaƙwalwar Intel ne, tsarin ya ɗauki jama'a.

Matsala ta taso ne da aka ce Debian ta hau wasu nau'o'in kwamfuta. Garin da aka niƙa wa Intel ba ya yi wa Motorola. Kowace irin ƙwaƙwalwa sai an gina mata nata daga rubutun asali guda. Fitowar Debian 2.0 a watan Yuli 1998 ita ce ta farko da ta haɗa da nau'i na biyu, wato dangin Motorola 68000 da ke cikin tsofaffin kwamfutocin Amiga da Atari da Macintosh. Masu irin waɗannan na'urori ba su da yawa, na'urorin kuma nawa gare su, babban ƙunshi guda kan ɗauke su kwanaki. Gajiya da wannan aiki ta sa wani Bajamushe, Roman Hodek, ya rubuta kayan aikin da har yau sunayensu ke raye a Debian. Akwai wanna-build, wanda tamkar littafin rajista ne da ke nuna wane ƙunshi ke jiran gini a kowane nau'in kwamfuta. Akwai buildd, leburan da ke zuwa ya duba rajista, ya ɗauki aiki na gaba. Akwai kuma sbuild, mai yin ginin kansa, wanda daga baya aka riƙa sa shi ya yi aiki a cikin keɓaɓɓen wuri da aka share tas, babu komai a ciki sai abin da ƙunshin ya ce yana bukata. Wannan shi ne maganin ragowar barkono.

Sa ido na farko daga rajistar nan ya fara. Kowane ƙunshi yana da matsayi: yana layi, ana kan gina shi, an gama, ya faɗi, ko kuma yana jiran a gama wani ƙunshin da ya dogara da shi. Kowane gini yana barin cikakken rahoto, layi bayan layi, na abin da ya wakana. Shekaru da yawa mutum ne ke karɓar rahoton ta imel, ya karanta, ya ga cewa gini ya yi kyau, sannan ya buga hatiminsa na lantarki kafin ƙunshin ya shiga rumbu. Idan mai kula da inji ya yi tafiya ko ya kwanta rashin lafiya, layi ya taru. Aiki ne marar armashi: a gano ko ƙunshin ne ke da aibi, ko ma'ajiyar injin ce ta cika, ko wutar ɗakin ce ta ɗauke, sannan a mayar da shi layi a sake gwadawa.

Taruwar layi ba ƙaramin abu ba ne. A ƙa'idar Debian, sabon ƙunshi ba ya ƙetarawa zuwa matakin gwaji, inda ake shirya fitowa ta gaba, sai an gina shi a duk nau'o'in da ya saba hawa. Tsohuwar na'ura guda da ke nishi a ɗakin wani tana iya riƙe gyaran da miliyoyin mutane ke jira. Debian 3.0 ta fito a Yuli 2002 tana hawa nau'i 11, ta gaba kuwa ba ta fito ba sai 6 ga Yuni, 2005, kusan shekara uku. A watan Maris na 2005 masu alhakin fitarwa suka yi taro a Vancouver ta Kanada, suka kawo shawarar da ta tayar da ƙura: duk nau'in da ke son a fita da shi sai ya iya gina kashi 98 cikin ɗari na ƙunshin da suka dace da shi, sai ya zama injin gini ɗaya ko biyu sun isa su bi sawun aikin yau da kullum, sannan a sami wani a ajiye saboda ranar lalacewa. An yi ta cacar baki, kuma ba a bi shawarar baƙi da baƙi ba, amma ruhinta ya zauna. Da Debian 4.0 ta fito a Afrilu 2007, babu Motorola 68000 a cikinta. Nau'in da aka ƙirƙiri injinan gini dominsa shi ne ya kasa cika sharuɗɗansu.

Duk wannan sa ido ne na lafiyar inji da saurinsa. Akwai wata tambaya da ta fi nauyi, wato ko wani baƙo ya shiga ɗakin. Kafin ita, ƙaddara ta fara gwada ƙungiyar da wuta. Ranar 20 ga Nuwamba, 2002, gobara ta cinye cibiyar sadarwar Jami'ar Twente da ke Enschede a ƙasar Holan, ta haɗa da kwamfutar Debian mai suna satie, wadda ke riƙe da rumbun gyare-gyaren tsaro. Aka tashi aikin a kan wata kwamfutar mai suna klecker. Yawancin kwamfutocin Debian sunayen mawallafa kiɗan Turai ake sa masu, amma wannan ta ci sunan Joel Klecker ne, matashin da ya yi wa ƙungiyar aiki daga gadon jinya har ya rasu a shekarar 2000 yana da shekara 21.

Kusan shekara guda bayan gobarar, ta klecker ɓarawo ya shigo. Da yammacin Laraba, 19 ga Nuwamba, 2003, wani ya shiga da kalmar sirrin wani mamba wadda aka sace. Asusun ba shi da iko mai yawa, amma mai kutsen yana riƙe da wani makami: akwai wani aibi a cibiyar Linux, a sashen da ke raba wa manhajoji wurin ajiyar wucin gadi, wanda ke ba ƙaramin mai asusu damar zama mai cikakken iko. An riga an gano aibin tun watan Satumba an gyara shi a rubutun da ake kan aiki, sai dai ba wanda ya ɗauke shi a matsayin haɗarin tsaro, saboda haka gyaran bai kai ga kwamfutocin da ke aiki ba. Cikin 'yan mintoci ya mallaki klecker. A daren nan ya wuce master, mai riƙe da rajistar kurakurai, ya wuce murphy, mai rarraba wasiƙun mambobi. Washegari ya ƙara da gluck. Duk inda ya shiga sai ya dasa wata manhajar ɓoye sawu mai suna SucKIT.

Abin da ya tona shi ba wata babbar dabara ba ce. Manhajar ɓoye sawun ba ta zauna daidai a kan master ba, sai cibiyar kwamfutar ta fara jefo saƙonnin tuntuɓe. Masu kula suka ɗauka ƙarfe ne ya tsufa, har sun fara shirin a sauke ta a duba. Sai aka lura murphy ma tana irin wannan tuntuɓe, iri ɗaya, a lokaci ɗaya. Na'ura biyu a wurare dabam-dabam ba sa kamuwa da ciwon tsufa ɗaya rana ɗaya. A daidai nan wata manhajar gadi mai suna AIDE, wadda aikinta kawai ta riƙe siffar muhimman fayiloli ta yi ƙara idan sun sauya, ta sanar cewa an musanya fayil ɗin da ke fara tashi idan an kunna kwamfuta. Kafin wayewar garin Juma'a an rufe asusun kowa, an fara kashe kwamfutocin. Babban rumbun ƙunshi yana kan wata kwamfutar da mai kutsen bai kai gare ta ba. Rumbun tsaro kuwa, da ke kan klecker, sai da aka gwada shi da amintattun bayanai kafin a sake buɗe shi. Cikin makonni biyu aka ji an shiga wata kwamfutar rarraba manhaja ta Gentoo, da kuma Savannah ta ƙungiyar GNU.

Ƙungiyar ta wallafa rahoton binciken a fili, da sa'o'i da mintoci, kuma wannan ɗabi'a ta cancanci yabo fiye da yadda ake yi mata. Kamfanoni da yawa da suka fi ta kuɗi shiru suke yi. A shekarun da suka biyo baya manhajar apt, wadda ke sauko da ƙunshi, ta fara duba hatimin rumbu kafin ta karɓi komai, tsarin da ya isa ga kowa a fitowar 2007. Hatimi yana tabbatar da cewa kayan daga rumbu suka fito ba a taɓa su a hanya ba. Ba ya cewa komai game da abin da ya faru kafin a buga shi. A watan Agusta 2008 aka kutsa kwamfutocin Fedora da Red Hat. Fedora ta sauya hatiminta gaba ɗaya don kariya, Red Hat kuma ta amsa cewa mai kutsen ya yi nasarar buga hatimin kamfanin na gaskiya a kan wasu 'yan ƙunshin OpenSSH da ya gurɓata, ko da yake ta ce ba su shiga hanyar da take raba wa abokan cinikinta kaya ba.

A wannan shekara ce kuma Debian ta ji kunyar da babu injin gadin da zai iya hana ta. A 2006 mai kula da ƙunshin OpenSSL, manhajar da ke ƙera makullan sirri, ya cire wasu layuka biyu domin wata manhajar binciken kurakurai mai suna Valgrind tana ƙorafi a kansu. Ɗaya daga cikin layukan shi ne ke zuba wa makullin ruɗanin da ke hana a yi hasashensa. Gini ya tafi lafiya a kowane inji, rahotanni duk suka nuna nasara. Kusan shekara biyu duk makullin da aka ƙera a Debian da Ubuntu yana fitowa ne daga cikin kimanin 32,000 kacal a kowane iri, adadin da ƙaramar kwamfuta za ta gwada ɗaya bayan ɗaya ta gama. Wani mamba ɗan Ajantina, Luciano Bello, shi ya gano, aka sanar a ranar 13 ga Mayu, 2008. Inji ya niƙa abin da aka ba shi ne da gaskiya, hatsin ne ke da guba.

Tambayar da ta fi duk waɗannan zurfi an riga an yi ta tun kafin a haifi Debian. Ken Thompson, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiri Unix, ya karɓi lambar yabo ta Turing ta 1983 tare da Dennis Ritchie, kuma aka buga jawabinsa a watan Agusta 1984. A ciki ya bayyana yadda za a koya wa tafinta cin amana iri biyu. Idan ya ga ana gina manhajar da ke tantance masu shiga kwamfuta, ya saka ɓarauniyar hanya. Idan kuma ya ga ana gina sabon tafinta, ya kwafa masa wannan hali. Da zarar an yi haka sau ɗaya, sai a goge mugun rubutun daga asali. Mai bincike zai karanta rubutun tafinta daga farko har ƙarshe ya same shi fes, alhali cutar na gadon kanta daga gini zuwa gini. Shekaru da dama ana kallon wannan a matsayin wasan ƙwaƙwalwa na masana. A watan Satumba 2015 aka gano cewa masu tsara manhaja da yawa a ƙasar Sin sun sauko da jabun Xcode, kayan ginin Apple, wanda ke dasa leƙen asiri a duk manhajar da aka gina da shi. Har WeChat abin ya shafa, kuma masu manhajojin ba su rubuta ko layi ɗaya na sharri ba.

Amsar da aka samo tana da sauƙin faɗa. Idan mutum biyu da ba su san juna ba suka ɗauki rubutun asali guda, kowa ya gina a injinsa, abin da ya fito ya kamata ya zama iri ɗaya sak, babu bambancin ko sifili guda. Idan ya bambanta, ɗayan injinan na da magana. Masu kwafar littafi da hannu sun daɗe da sanin wannan: a ajiye kwafi biyu, ɗaya na karantawa ɗaya na bi da yatsa. Masu Bitcoin suka fara bin wannan hanya, masu manhajar Tor suka bi su a 2013, domin dukkansu suna da dalilin tsoron a sace ko a tilasta wa mai riƙe da injin gini. A watan Agusta na shekarar, a taron Debian da aka yi a Vaumarcus ta ƙasar Suwizalan, wani Bafaranshe da aka fi sani da Lunar ya kawo shawarar a yi wa Debian ɗungurungum haka. Gwajin farko ya nuna kashi 24 cikin ɗari ne kawai ke maimaituwa.

Abin da ke kawo bambancin galibi tarkace ne. Manhajoji na son rubuta rana da sa'ar da aka gina su. Wasu na saka sunan kwamfuta ko na mai ita, wasu na jera fayiloli yadda suka tsince su, wasu na sauya tsari gwargwadon harshen da aka saita. Holger Levsen ya kafa wasu injinan gwaji da ke gina kowane ƙunshi sau biyu, suna sauya agogo da harshe da suna da gangan tsakanin na farko da na biyu, sannan wata manhaja mai suna diffoscope ta warware sakamakon biyu ta nuna inda suka saɓa. A 2015 aka amince da wata ƙa'ida da ke sa manhaja ta ɗauki kwanan watan gyaran ƙarshe na rubutu maimakon ta dubi agogon bango. Dubban ƙananan gyare-gyare aka aika wa masu manhajoji, ɗaya bayan ɗaya. Kafin ƙarshen 2017 adadin ya haura kashi 90, kuma kundin ƙa'idojin Debian ya shigar da batun a watan Agusta na shekarar. Daga Yuli 2019 aka rufe tsohuwar ƙofa: ƙunshin da mutum ya gina a kwamfutarsa ta gida ba ya ƙetarawa matakin gwaji a babban rumbu, sai wanda injinan ƙungiya suka gina. Fitowar Yuni 2023 tana ɗauke da ƙunshi fiye da 64,000. A cikinsu akwai wani ƙarami mai tsare-tsaren allon rubutu na harsunan duniya, har da na Hausar Nijeriya da na Hausar Gana, wanda ke ba mai rubutu ƙ da ɗ da ɓ. Shi ma ta wannan layi yake bi.

Wanda ke ganin wannan wahala ta yi yawa, abin da ya sami kamfanin SolarWinds na jihar Texas ya ishe shi. A watan Disamba 2020 aka gano cewa masu kutse sun daɗe zaune a injin ginin kamfanin. Manhajar da suka dasa tana jira ne a fara gina Orion, sai ta musanya fayil guda na rubutun asali da gurɓatacce, idan an gama ta mayar da na ainihi wurinsa. Kamfanin ya buga hatiminsa na gaskiya, ya aika wa abokan ciniki da adadinsu ya kai kimanin 18,000, ciki har da ma'aikatun kuɗi da na kasuwanci na Amurka. Gwamnatin Amurka ta ɗora laifin a kan hukumar leƙen asirin Rasha, Rasha ta musanta. Abin dariya a ciki, in akwai, shi ne Orion manhajar sa ido ce a kan lafiyar kwamfutoci.

Hari mafi wayo da ya auna injinan Debian kai tsaye ya bi ta wata ƙaramar manhajar matse fayiloli mai suna xz, wadda ke cikin kusan kowace kwamfutar Linux. Mutum ɗaya ne, Lasse Collin na ƙasar Finlan, ya riƙe ta shekaru da yawa ba tare da ana biyansa ba. A 2021 wani mai amfani da sunan Jia Tan ya fara turo gyare-gyare masu amfani. A 2022 wasu sunaye da ba a san su ba suka taso suna matsa wa Collin lamba cewa aiki ba ya sauri, ya ba wani dama. Collin ya amsa cewa yana fama da rashin lafiyar da ta shafi tunani, kuma wannan aikin sha'awa ne da ba a biyan sa. Sannu a hankali Jia Tan ya zama abokin riƙo, har ya kai ga shi ke fitar da sabon zubi da hatiminsa. Da ɗan gari akan ci gari, idan kuma babu ɗan gari, sai a yi haƙurin shekara biyu a zama shi.

Zubi na 5.6.0 ya fito a Fabrairu 2024, na 5.6.1 a Maris. An ɓoye gubar ne a cikin wasu fayilolin gwaji da ba mai karanta su, domin a zahiri tarkacen matsattsun bayanai ne. Umarnin da ke tono ta kuwa ba ya cikin ma'ajiyar rubutun da jama'a ke dubawa; yana cikin damin da ake miƙa wa masu gini ne kaɗai. Umarnin kan duba inda yake. Idan ya ga ana gina ƙunshi irin na Debian ko na Red Hat a kan nau'in kwamfutar da aka fi amfani da ita, sai ya saka ɓarauniyar hanyar. Idan ba haka ba ya yi lamo. Manufar ita ce OpenSSH, ƙofar da masu kula da kwamfutoci ke bi su shiga daga nesa, ta yadda mai riƙe da wani makulli guda zai iya ba da umarni a duk kwamfutar da ta hau zubin. Injinan Debian sun gina shi, rahotanni sun nuna nasara, ya shiga matakin gwaji. Ya shiga zubin gwaji na Fedora, da openSUSE Tumbleweed, da Kali.

Ya kamata a faɗi gaskiya a nan: ginin da ke maimaituwa ba zai kama wannan ba. Inji goma masu gaskiya za su ɗauki damin, su fitar da guba iri ɗaya sak, su shaidi juna. Abin da zai kama shi shi ne a gwada damin da ma'ajiyar da aka ce daga ita ya fito, kuma ba wanda aka ɗora wa wannan aiki. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: kamfanoni masu biliyoyin daloli sun jingina kasuwancinsu a kan aikin mutum ɗaya da ya fito fili ya ce ya gaji.

Wanda ya kama shi ba mai gadi ba ne. Andres Freund, Bajamushe ma'aikacin Microsoft da ke aiki a kan manhajar adana bayanai ta PostgreSQL, yana auna saurin aiki ne a kwamfutarsa mai zubin Debian na gwaji, sai ya ga ƙofar shiga daga nesa tana cin ƙarfin na'ura fiye da kima, tana kuma jinkiri na kimanin rabin daƙiƙa. Ya tuna cewa a makonnin baya Valgrind, manhajar nan ta rikicin OpenSSL, ta yi wani ƙorafi da bai gane kansa ba. Ya bi sawu har ya iso xz. Ranar Juma'a, 29 ga Maris, 2024, ana cikin azumin Ramadan, ya wallafa abin da ya gano. Zubin bai kai ga tabbatacciyar Debian ba, wadda ita ce manyan kwamfutoci ke hawa.

Debian ta koma tsohon zubin xz nan take. Canonical, mai Ubuntu, tana dab da fitar da zubin 24.04, sai ta yanke shawarar cewa duk ƙunshin da aka gina tun daga 26 ga Fabrairu ba abin yarda ba ne, tun da an gina su ne a wuraren da gurɓataccen xz zai iya kasancewa. Ta sake gina su a sababbin wurare, ta ɗage zubin gwaji da mako guda, cikakken zubin ya fito ranar 25 ga Afrilu. Sunan Jia Tan bai sake motsi ba, kuma ba a bayyana wanda ke bayansa ba. Lasse Collin ya koma ma'ajiyar xz yana bin gyare-gyaren tsohon abokin aikinsa ɗaya bayan ɗaya, ya fitar da tsabtataccen zubi na 5.6.2 a ƙarshen watan Mayu.